Karen da Aka Mayar wa Mama

Shekarun baya, lokacin da nake aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ejansin, wato kamfanin da nake yi wa aiki, ta tura ni wani gida a unguwar da ke bayan titin Wendover, a garin Greensboro na Amurka. An ce mini dattijuwa ce da aka yi wa aikin gwiwa, tana zaune ita kaɗai, tana bukatar mai taya ta wanka da girki da kai ta asibiti. Ba wanda ya gaya mini cewa wannan "ita kaɗai" ɗin har da karnuka biyu a ciki.

Ni kuwa a zangon Kumasi na tashi, inda kare abin jifa ne, ko abin gudu. Ina yarinya wani ya taɓa koro ni har na yar da kokon da aka aike ni saye, aka dake ni a gida saboda kokon, ba wanda ya tambayi karen. Tun daga nan ban sake yarda da jinsinsu ba.

Na danna ƙararrawa, wata murya daga ciki ta ce in turo, a buɗe take. Ina turawa na ga wasu halittu biyu tsaye a gabana, kowanne ya kusa kai mini ƙugu, gashinsu a nannaɗe kamar na tunkiya. Na ƙame da jaka a hannu. Duk addu'ar neman tsari da na sani ta gudu daga kaina, ta cin abinci kawai ta zo mini baki, ita na yi ta maimaitawa.

Dattijuwar tana zaune a kujera, ƙafarta ɗaya a miƙe bisa matashi. Ba ta ɗaga murya ba. Kalma ɗaya ta faɗa, sai karnukan nan suka juya, kowanne ya je kan 'yar shimfiɗarsa ya kwanta, ya ɗora haɓa a ƙasa.

Ta ce, "Shigo, 'yata. Ba za su tashi ba sai na ce su tashi. Laifina ne da ban sa an sanar da ke ba."

Baƙar fata ce, haifaffiyar Greensboro, ta yi ritaya daga tuƙin motar 'yan makaranta. Ta ce in kira ta da sunanta, na ce mata a wurinmu ba a kiran sa'ar uwa da suna. Na ce Mama zan riƙa cewa. Ta yi dariya ta ce ta karɓa.

Da na koma gida na ce wa maigidana ba zan koma ba. Ya ce in yi haƙuri in fara tambayar Malam kafin in yanke. Malam ɗin da muke karatu a wurinsa ran Lahadi ya ce mini a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, amma in zuciyata ba ta kwanta ba, in keɓe kayan salla daban. Haka na yi. Na riƙa zuwa da wata doguwar riga da hijabi a leda, in lokacin azahar ya yi in shiga banɗaki in sauya, in raɓe a lungun kicin in yi salla ina waige-waige.

Mama ta lura. Ta tambaye ni, na yi mata bayani ina jin nauyi, don kada ta ɗauka ƙyamar gidanta nake yi. Washegari ta sa na buɗe ɗakin da take ajiye keken ɗinkinta, ta ce, "Wannan naki ne. Daga yau ba mai ƙafa huɗun da zai taka shi." Daga kan kujerarta, da 'yan gutsattsarin cuku a aljihu, ta koya wa karnukan nan cewa bakin ƙofar ɗakin iyaka ce. Ba a jima ba sai ya zama ko ƙofar a buɗe take, su zo su tsaya daidai dokin ƙofa, su zauna suna kallona har in sallame.

Irin karnukan da ake kira fudul ne, manyan. Namijin ya tsufa, barci ne aikinsa. Macen kuwa fara ce tas, ita ce abin alfaharin Mama. Ta ci gasar nuna karnuka a garuruwa da dama, bangon falo duk hotunanta ne da kintinkiri kala-kala. Mama ta ce ta fi shekara talatin tana kiwon wannan zuri'a, tun daga kakar kakar macen nan. Ta ce lokacin da ta fara shiga gasa, sau da yawa ita kaɗai ce baƙar fata a fili, har akan tambaye ta ko karen wa take riƙe wa.

Na ga kula a gidan nan. Abincinsu da ma'auni ake zubawa, don ta ce ƙiba ce ke fara karya kare kafin tsufa. Ana goge musu haƙora, ana duba cikin kunne, ana yanke farce. Kowane wata akwai maganin kaska da na wata tsutsa da sauro ke sa musu a zuciya. Inabi da albasa da cakulan ba sa kusantar bakinsu. Ranar da na soya albasa wani yanki ya faɗi ƙasa, Mama da ƙafarta ɗaya ta riga ni kai sanda kansa. Kuma ban taɓa ganin ta ɗaga hannu ta daki ɗayansu ba. Takan ce kare ba ya gane doguwar magana. Abin da yake ganewa shi ne ya yi daidai, a nan take ya ga lada.

A lokacin tana shirin haɗa macen da wani namiji daga wata jiha, haihuwar ƙarshe kafin ta huta da kiwo. A ciki take son ta zaɓi 'yar da za ta gaji uwar. Mutane tuni sun yi ta kira suna cewa a ajiye musu ɗa.

Wata rana da hantsi ina yi mata tausa a gwiwa waya ta yi ƙara. Wasu mata da miji ne da suka karɓi ɗan kwikwiyo a wurinta a haihuwar baya, yanzu ya shekara biyu. Na ga fuskar Mama ta sauya. Ashe karen ya fara faɗuwa yana shure-shure, ya yi haka ba sau ɗaya ba, yaransu sun tsorata, su kuma sun gaji. Sun yanke shawarar kai shi a yi masa allurar mutuwa, sai matar ta ga ya dace ta sanar da Mama tukuna.

Mama ta ce musu, "Kada ku kai shi ko'ina. Ga ni nan zuwa."

Na ce, "Mama, likita ya ce kada ki yi dogon zama a mota."

Ta ce, "To ki yi sauri da tuƙin."

Muka je. Baƙi ne wuluk, dogo, ya fi uwarsa tsayi, gashinsa duk ya cukurkuɗe don an daɗe ba a taje ba. Yana ta haushi yana tsalle yana jan igiya har mai gidan na tangaɗi. Ban ga laifin mutanen nan ba, matar kuka take yi. Mama ma ba ta zarge su ba. Ta gode musu da suka kira ta, ta ce duk ɗan da ya fito daga gidanta, ƙofar gidan a buɗe take gare shi har ya mutu. Aka sa shi a kejin bayan mota. Na tuƙo mu gida wuyana a sandare, ina jin numfashinsa a ƙeyata. Daga ranar nake kiransa Dogo, har sunan ya bi shi, Mama ma ta koma faɗa da irin harshenta.

Ba a yi mako ba ya faɗi a gabanmu. Ina yanka kabeji a kicin na ji ƙarar abu ya bugi ƙasa. Na leƙo na gan shi kwance kusa da teburin gilashi, ƙafafunsa na shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Mama na ta ƙoƙarin miƙewa daga kujera, gwiwa ta ƙi.

Ban san lokacin da na ajiye wuƙar ba. Na janye teburin, na tura matashi tsakanin kansa da bango, na kashe talabijin, na ja labule. Na ce wa Mama ta duba agogo ta riƙe lokacin da ya fara. Sauran karnukan na kora su waje. Ban taɓa bakinsa ba, ban danne shi ba. Na durƙusa a bayansa ina magana a hankali da Hausa har jikinsa ya saki. Da ya farfaɗo bai san inda yake ba, yana ta karo da kujeru. Na zauna a ƙasa har ya zo ya jingina da ni, jikinsa na rawa.

Mama ta dube ni. Ta ce, "A ina kika koyi wannan?"

Na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa kowa a Amurka ba in ban da maigidana. Ƙanena da ke Kumasi yana da farfaɗiya tun yana yaro. Ni nake kula da shi in ta tashi. A gidanmu ba a faɗin sunan ciwon. In baƙi za su zo akan tura shi ɗakin baya. In an tambaya a ce jiri ne yake damunsa, saboda kada a ce gidan masu farfaɗiya ne a ƙi auren 'yan matan gidan.

Ta ce, "Yana shan magani?"

Na ce ina tura kuɗin magani. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Na tashi na koma kan kabejina.

Likitan dabbobi ya yi gwaje-gwajensa, bai ga ƙari ba, bai ga guba ba. Ya ce farfaɗiya ce, kuma irin wadda ke tasowa a wannan shekarun galibi gado ce, sai dai babu gwajin da zai nuna daga wajen uwa ta zo ko daga wajen uba. Ya rubuta magani safe da yamma, ya ce kada a kuskura a tsallake, kada kuma a tsayar da shi kwatsam.

Bayan kwana biyu wata ƙawar Mama ta zo, ita ma mai kiwon karnuka ce, sun daɗe tare a harkar. Ina goge-goge a kicin ina jin su. Ƙawar ba muguwa ba ce, tausayin Mama take ji. Ta ce ɗa ɗaya ne cikin 'ya'ya da yawa, kuma ba wanda zai iya tabbatar da cewa daga macen ne. Ta ce Mama ta riƙe karen a gida ta yi shiru, tunda an riga an sauya namiji, a bar macen ta yi haihuwarta ta ƙarshe. Ta ce, "Kin san mutanenmu. Kika furta kalmar nan, aikin shekara talatin ya tafi."

Mama ta ce, "Na sani."

"To me ya sa za ki yi wa kanki haka?"

Mama ta ce, "Kin ga fuskar matar nan da ta mayar mini da shi? Ni na gani. 'Yarta ƙarama ta ga karenta yana shure-shure a ƙasa, ta daina barci ita kaɗai. In na sake haɗawa, wani gidan zan aika wa wannan, ina sane."

Washegari ta kira mai namijin ta soke haɗin, ta kuma gaya masa dalili. Ta kira mai uban Dogo ta gaya masa shi ma. Ta sa aka ba macen rana a asibiti don a cire mata mahaifa. Sannan ta zauna da waya ta bi duk wanda ya taɓa karɓar ɗa daga cikin macen nan, ɗaya bayan ɗaya. Ta gaya musu abin da ya faru, da alamun da za su lura da su, da abin da za su yi in ya faru. Ta roƙe su kada su bar nasu su haihu. Ta ce duk wanda ya ga ba zai iya ba, ya kawo mata.

Wasu sun gode. Wasu kashe waya kawai suka yi. Wani mutum da ya riga ya shirya haɗa tasa macen ya zazzage ta da masifa, ina jin muryarsa daga inda nake tsaye. Mama ta saurare shi har ya gama, ta ce yana da gaskiya ya yi fushi, ta ba shi haƙuri. Ta ajiye wayar. Na kawo mata shayi. Ta kurɓa, ta ce in miƙo mata wayar, saura mutum biyu.

Ranar da muka kai macen asibiti, Mama da kanta ta taje ta tun da safe, ta gyara mata gashin kunne kamar za su gasa. A irin gasar da take shiga, wadda ake duba kyan ƙira, ba a karɓar macen da aka cire wa mahaifa. Wato ranar ce ƙarshen komai. A hanyar dawowa tana ta kallon motocin Wendover ta taga.

A makon nan na kira mahaifiyata. Bayan gaisuwa na ce, "Mma, maganin yaron nan, kullum yake sha?"

Ta ce, "In ta tashi ana ba shi."

Na ce, "Ba haka ake shansa ba. Kullum ne, ko ta tashi ko ba ta tashi ba."

Ta ce in rage murya kamar wani zai ji mu daga Amurka. Ta ce in aka gan shi yana zarya asibiti mutane za su yi magana. Na ce su yi. Ban gaya mata cewa a gidan da nake aiki kare na shan irin wannan magani a kan lokaci ba, don na san da na faɗa zancen ya lalace. Amma abin da ke cina ke nan. Na yi ta kira, na haɗa da yayanmu, har aka kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa aka daidaita masa magani. Ciwon bai rabu da shi ba, amma ya yi sauƙi ƙwarai, har ya koma shagon ɗinkinsa.

Shi kuwa Dogo, magani ya karɓe shi, faɗuwar ta ragu sosai. Saura tarbiyya, don ba shi da ita ko kaɗan. Yana hawa kan mutane, yana sace burodi a tebur, in ya ji motar shara sai ya haukace. Mama ta ce karen da ba shi da aikin yi shi ne ke neman wa kansa aiki. Ta ce za ta horar da shi, amma ba ta da ƙafa.

Ta dube ni. Na dubi bayana ko akwai wani.

Na ce, "Mama, wannan ba ya cikin aikina."

Ta ce, "Ba ya ciki. In kin ce a'a, magana ta ƙare, ba zan ji haushi ba."

Da ta matsa mini da na ƙi. Da yake ba ta matsa ba, sai na ji kaina ina cewa to a gwada.

Haka muka fara a tsakar gidan baya, ita a kujera da bargo a gwiwa, ni da igiya a hannu da cuku a aljihun riga. Kaɗan-kaɗan muke yi, kafin ya gaji mun tsaya. Gaskiya ni aka fi horarwa. Mama takan ce, "Kin makara. Ya zauna tun ɗazu, sai da ya miƙe kika ba shi. Yanzu kin koya masa miƙewa." Ko ta ce, "Daina jan igiyar, ba akuya ba ce." Ko kuma, "Sau ɗaya ake faɗa. In kika faɗa sau uku, zai koyi jiran na ukun." Wani lokaci Turancin kan ɓace mini in ce masa "zauna", har ya zo ya fi jin "zauna" da "zo nan" fiye da nasu. Mama ta ce ba komai, alƙalin gasa ba ruwansa da yaren da kare ke ji.

Na ce, "Wane alƙali?"

Ashe akwai wata gasar daban, ta biyayya, wadda ba a duba kyau ko zuri'a, sai dai yadda kare ke bin umarnin mai riƙe da shi. Ta ce tana so mutanen da suka ji labarin Dogo su gan shi da idonsu, su san ba ɓoye shi ta yi ba.

Labari kuwa ya riga ya zaga cikin mutanenmu. A wani suna da aka yi a Gate City, wato nan Greensboro, ina zuba wake da shinkafa, wata Anti ta matso ta ce, "An ce yanzu har yawo kike da kare a titi." Na ce, "Anti, ba a titi ba ne, a bayan gida ne. Titin sai wata mai zuwa." Ta riƙe baki, sauran mata suka yi dariya, aka wuce wurin. Maigidana ya ce shi dai kada in kawo masa shi afatmen, gidan hayarmu. 'Yata kuwa, wadda in na yi mata Hausa take amsa mini da Turanci, a karon farko ta ga uwarta ta yi abin burgewa.

Ranar gasar Asabar ce, a wani babban zaure. Karnuka ko'ina, ƙarar na'urar busar da gashi, mutane na ta kai da komo. Na sa doguwar riga ruwan toka da hijabi da takalmin gudu. Ban ga mai irin shigata ba ko ɗaya. Maigidana ya tura Mama a keken guragu har bakin fili, shi da ya ce rakiya kawai zai yi ya jira a mota. Na lura wasu tsofaffin abokan harkarta sun zo sun rungume ta, wasu kuma sun ɗauke kai kamar ba su gan ta ba. Duk wanda ya tsaya, sai ta nuna Dogo ta ce, "Wannan shi ne mai farfaɗiyar. Ku dube shi da kyau."

Aka kira lambarmu. Ba a shiga da cuku, ba a jan igiya. Alƙaliyar ta tambaya ko mun shirya, na ce e, alhali ƙarya nake. Muka fara tafiya, Dogo na gefen haguna, kafaɗarsa daidai gwiwata. Muka zo inda alama ta ce a juya hagu, ni kuwa sai na nufi dama. Shi da ya san abin da muka saba, ya ɗan tsaya, ya ɗago ya dube ni. Na gane, na gyara, muka ci gaba. Na ji 'yata ta yi dariya daga waje.

Abu na ƙarshe shi ne kira. Na zaunar da shi, na saki igiyar, na yi tafiyata zuwa ɗaya gefen, na juyo. A daidai lokacin wani ya yar da kujerar ƙarfe a bayan zauren, ƙarar ta cika wurin. Na ga kunnuwansa sun motsa, jikinsa ya ɗaure. Karen da motar shara ke haukatawa. Zuciyata ta ce shi ke nan. Amma bai tashi ba, idonsa na kaina. Alƙaliyar ta ba ni alama, na ce, "Zo nan." Ya taho a guje ya zauna a gabana, yana haki, harshe a waje.

Ba mu zo na ɗaya ba, ba mu zo na huɗu ba. An rage mana maki saboda juyin da na ɓata, alƙaliyar ma ta gaya mini cikin raha cewa kuskuren na mai ƙafa biyu ne. Amma mun haye, aka ba mu ɗan koren kintinkiri da ake ba duk wanda ya haye. Na kai wa Mama. Ta juya shi a hannu, ta sa a jakarta, ta ce in ba Dogo ruwa, kuma kada in manta maganin yamma a mota yake. Sai da muka fito wurin fakin na ga tana share ido da gefen mayafin wuyanta.

Gwiwarta ta warke, aikina a gidan ya ƙare, aka tura ni wani wuri. Amma ban daina zuwa ba. Da salla nakan kai mata tuwo da miyar ayoyo, ta ci tana shan ruwa saboda yaji. Dogo ya yi shekaru masu kyau a wurinta, yana faɗuwa jefi-jefi, yana tashi. Daga baya an samu wani ɗa daga cikin macen nan da ciwon ya bayyana gare shi a wata jiha. Masu shi sun gane da wuri saboda wayar da Mama ta yi musu, suka fara magani, suka riƙe abinsu.

Har yau ban ajiye kare ba, kuma ba na jin zan ajiye. In na hango na wani a titi ba igiya, tsallakawa nake yi. Amma in wani a wurin aiki ya ce zai sayi ɗan kwikwiyo, nakan ce ya tambayi mai sayarwa ciwon da ke cikin zuri'ar. In ya ce babu ko ɗaya, a nemi wani. Na zauna da masu ilimi da masu ibada, na ƙaru da su, amma a wurin matar nan na ga yadda mutum ke ɗaukar waya da hannunsa ya faɗi abin da zai rage masa daraja, alhali da ya yi shiru ba mai kama shi.

Zuwana na ƙarshe kafin ta koma wurin ɗanta a wata jiha, muna zaune a falo an sauke hotunan bango an zuba a kwali. Macen ta riga ta mutu, ba ta bar magajiya ba. Na tambaye ta abin da na daɗe ina son tambaya. Na ce, "Mama, kin taɓa yin nadama?"

Ta shafa kan Dogo, wanda furfura ta fara fito masa a haɓa. Ta ce, "Kullum ina tunanin 'yar da ban samu ba. Har suna na zaɓa mata." Ta ɗan yi murmushi. "Amma ko yau aka sake, wayar zan ɗauka."

Daga nan ta ce in tashi in taya ta ɗaure kwalin, mota na zuwa da safe.